Kwana 12 Tsakanin Mokolo da Yawunde

 Ga hutun makaranta ya ƙarato, na kuma san da yawa daga cikinmu sun fara lissafin kuɗin mota. Shi ya sa na ga ya dace in ba ku labarin wata tafiya tawa, wadda har yau in na tuna ta sai jikina ya yi sanyi.

A hutun Disamba na 2019 na sami kwana 12. Ni kuwa malami ne, an koya mana a makarantar horon malamai cewa kowace sa'a da darasinta. Sai na ɗauko takarda da rula, na zana tafiyar kamar jadawalin aji. Mokolo zuwa Marwa kilomita kamar 80. Marwa zuwa Garwa ɗan fiye da 200. Garwa zuwa Ngaundere kusan 280, daga nan jirgin ƙasa na dare, a wayi gari a Yawunde, inda ƙanena yake zaune a unguwar Birketari cikin 'yan'uwa Hausawa. Ban taɓa ganin babban birnin ba, saboda haka na ba shi kwana 6. Garwa kuwa dare ɗaya na rubuta mata.

To, a Garwa gwaggona take, wadda ta riƙe ni shekara 4 ina ɗan makaranta. Na aika mata cewa zan iso da la'asar. Takarda ba ta san taya ba. Bayan mun wuce Figil motarmu ta lalace, muka zauna a gindin bishiya har rana ta faɗi, ban yi sallama a ƙofarta ba sai bayan isha'i. Ta dafa tuwon dawa da miyar kuka tun rana, ta hana kowa taɓawa. Muna cikin gaisawa na gaya mata da asuba zan kama hanya. Ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Malam, ka zo ne, ko wucewa kake yi?" Na yi dariya, na ce in Allah ya yarda a dawowa zan kwana biyu.

Yawunde na gan ta, ba laifi. Amma tun kwana na uku na rasa abin yi, ƙanena yana kasuwa wuni zubur, kuɗi kuma suna zurarewa a tasi. Da na juyo, guzuri ya ƙare, ranar komawa aji ta matso. Daga tashar Garwa na sauya mota ban shiga gari ba. A Maris na 2020 cutar korona ta sa aka rufe makarantu, tafiya ta yi wuya. Cikin azumin shekarar Allah ya yi wa gwaggo rasuwa. Allah ya jiƙanta.

Tun daga nan na sake yadda nake tsara tafiya. Ba na fara rubuta sunayen garuruwa. Sunayen mutane nake fara rubutawa, tsofaffi a sama, sannan in raba kwanakin a kansu. Abin da ya rage shi ne na buɗe ido. Kada a ce na raina kallo, a'a, gani ya kori ji. Akwai ɗalibaina da aka haifa a nan Mokolo, ba su taɓa ganin duwatsun Rumsiki ba, alhali kilomita 50 ne ko ɗan fiye, Turawa kuwa a da daga Faransa suke zuwa dominsu. Sai dai dutse yana nan yana jira, tsohuwa ba ta jira.

Kuma duk yinin da aka yi a mota, washegari zama ne. Ina barin kwana ɗaya fari fat a takardar, ba a rubuta masa komai, na taya ne da ruwan sama da ta'aziyyar da ba a zata ba. Kuɗin dawowa uwargida ke riƙewa, don ni ban amince da aljihuna ba. Tun 2014 da fitinar Boko Haram ta taɓa yankinmu na Mayo-Tsanaga, na ƙara sharaɗin kada magariba ta same mu a hanya.

A hutun da ya wuce na kwashi yara uku zuwa Garwa, muka yi kwana 5. Ranar Lahadi muka ci kasuwar Pitowa, wani yammaci muka tsaya a bakin Binuwai suna neman dorina da ido. Sauran kwanakin muna gida a kan tabarma tare da mijin marigayiya, wanda idonsa ya fara rauni. Babban yaron ya yi ta gunaguni wai ba a kai su Lagdo ganin madatsar ruwa ba. Na ce masa sai baɗi, in da rai.