Daga Fas Zuwa Gonar Zaitun

Duk wadda Allah Ya nufa da ziyarar Shehu Tijjani a Fas, ƙasar Maroko, to ta ware yini guda ta leƙa gonakin zaitun na wajen Maknas, tafiyar kamar kilomita 60. Mu dai a Disamba muka je, ana tsakiyar tsinka. An shimfiɗa tamfol a gindin bishiyoyi, ana ta kaɗo 'ya'yan da sanda kamar masu kaɗar tsamiya.

Wurin matsar ya fi jan hankalina. Dutse ke markaɗe zaitun har da ƙwallonsa, a tatse shi ba wuta, saɓanin gyaɗarmu ta Karaye da Rogo da sai an soya. Kilo 5 ko 6 ke ba da lita guda tak. Sabon man kore ne, da ɗaci-ɗaci, yana kama maƙogwaro.

To uwargida, duba kwalbar da kike sayowa a Islamic kemis kina ɗura wa yara. In an rubuta Pomace, da sinadari aka tsotso shi daga tunkuzar da ta rage. Wanda kuwa aka jera cikin rana a bakin titi, zafi ya riga ya fara lalata shi.