Shekara Uku Ana Koyon Ban Ruwa

Mutanen Japan suna da wata sana'a da suke kira bonsai, wato renon itace cikin kasko. Daga ƙasar Sin suka samo ta tun zamanin da. Itacen da zai fi soro tsawo a daji, sai su riƙa rage masa saiwa da rassa, har ya tsufa bai wuce gwiwar mutum ba. Ba irinsa ne ƙarami ba. In an fitar da shi daga kasko an dasa a fili, zai girma kamar 'yan'uwansa.

Akwai wani itace irin wannan, mai ganye kamar allura, da aka fara renonsa a 1625. Yana gidan iyalin Yamaki a Hiroshima sa'ad da aka jefa wa birnin bam a 1945, wajen kilomita 3 daga inda bam ɗin ya fashe, ya kuwa tsira. A 1976 Masaru Yamaki ya ba da shi kyauta ga Amurka, aka kai shi Washinton. Mutane sukan yi mamakin yadda ya tsere wa wuta. Ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, shekara 400 ke nan, kaka ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika, ba a taɓa mantawa da shi har ya bushe ba, ba a kuma kashe shi da yawan ruwa ba.

Masu wannan sana'a sukan ce ban ruwa kaɗai sai an shekara uku ana koyonsa. Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ce wasa ne. Amma ƙasar da ke cikin kasko ba ta fi tafi biyu ko uku ba. In ta bushe ƙayau, ƙananan saiwoyi sun mutu. In ta zauna jagab kullum, iska ba ta shiga, saiwa ta ruɓe. Abin da ke ruɗa sabon shiga shi ne, duka biyun kamarsu ɗaya a ido: ganye ya yi yaushi, ya soma zuba. Sai mai tausayi ya ga yaushi, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa itacen.

Ina da 'yar tsamiya da na shuka daga ƙwallo, na mayar da ita kasko marar zurfi. Da na fara, tambayata ɗaya ce ga duk wanda na ji an ce ya san shuke-shuke: sau nawa zan ba ta ruwa? Wani ya ce kullum. Wani da ya daɗe a Kwatano ya ce sau biyu a mako ya isa. Littafin da na aro kuwa an rubuta shi ne domin Turai, inda ba su san hunturunmu ba. Ba wanda ya yi mini ƙarya a cikinsu. Kowa labarin itacensa ya ba ni, da na garinsu.

Wani dattijo a ikkilisiyarmu, tsohon mai lambu, shi ne ya ƙi amsawa. Bai taɓa jin kalmar bonsai ba. Ya ce, "Kawo ta in gani, ɗana." Ya nutsa yatsa cikin ƙasar, ya ɗaga kaskon ya ji nauyinsa, ya kifa ido ƙarƙashi ya duba ko akwai huda. Ya tambayi inda nake ajiye ta, da lokacin da rana take iso ta. Sa'an nan ya tsira tsinke cikin ƙasar ya ce in riƙa zare shi kowace safiya. In ya fito da danshi, in bari. In ya kusa bushewa, in zuba a hankali har ruwa ya fito ta ƙasa. Na ce, "Baba, har yanzu ba ku faɗa mini sau nawa ba." Ya ce, "Ita za ta faɗa maka." Haka kuwa aka yi. Da bazara takan nemi ruwa safe da yamma, a watan Agusta kuwa sai in janye ta ƙarƙashin rumfa.

'Yan'uwa, wannan ya sa na sake duban yadda muke yi da sababbin masu bi. Su ma sukan zo da tambayar "sau nawa": addu'a sau nawa, azumi kwana nawa, babi nawa a rana. Mu kuwa muna da saurin amsa, domin amsa ta fi ziyara sauƙi. Na ga saurayin da aka ɗora wa taro biyar a mako, da mawaƙa, da koyar da yara, wata uku bayan baftismarsa. Da ya soma yaushi aka ce ya yi sanyi, aka ƙara masa taro. Na kuma ga matar da mijinta ya hana ta fita, ba wanda ya leƙa ta har shekara ta zagayo. Wa'azin rediyo yana da amfaninsa, amma ba ya iya ɗaga kasko ya ji nauyi. Shi ma mai tambaya sai ya yarda ya kawo itacensa, ba labarin itacen ba, wannan kuwa yana da wuya ga mai jin kunya.

Manzo Bulus ya kwatanta aikin Afolos a Koranti da ban ruwa. Afolos ɗin nan mutumin Iskandariya ne, gwanin magana, masanin Littattafai. Duk da haka, da ya iso Afisa baftismar Yahaya kaɗai ya sani. Bilkisu da Akila, masu ɗinkin tanti, sai da suka zauna suka saurare shi a majami'a tukuna, sa'an nan suka ja shi gefe suka cika masa abin da ya rage. Bayan wannan ne ya haye zuwa Akaya.