Garin da Ake Biyan Gwaggo Albashi

Shekara bakwai ɗiyar ƙanwata ta yi a Landan, kuma duk tsawon lokacin nan in aka tambaye ni aikinta a majalisarmu ta Zariya sai in ce nas ce. Ai duk wanda ya tafi Ingila daga wajenmu, in ba likita ba ne to nas ne. Ranar da na sauka filin jirgin Heathrow, cikin watan Oktoba, sanyi na yankar kunne kamar tsakiyar hunturu a Jos, ta zo ta tare ni da wata ƙatuwar rigar sanyi. Muna cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na tambaye ta wane asibiti take.

Ta yi dariya har wata Baturiya ta ɗago daga karatun jarida. "Kawu, ni ko allura ban iya ba. Soshiyal woka ce ni."

Na ce ta fassara mini da Hausa. Ta ce tana shiga gidajen mutane ta duba lafiyar yara, ta saurari uwar da abubuwa suka cuɗe mata, ta shiga tsakanin uba da ɗansa, in yaro ya rasa mai riƙonsa ta nemo masa gida. Na ce wannan ai aikin marigayiya Gwaggonmu ne ta Ƙofar Doka, wadda ta yi shekara arba'in tana yinsa ba wanda ya taɓa ba ta ko sisi, sai dai goro. Ta ce to a nan sai ka yi digiri na shekara uku, ko na biyu na shekara biyu, ka yi kusan kwana 200 kana koyo a bakin aiki, sannan wata hukuma mai suna Social Work England ta yi maka rajista. Wanda ba shi da rajista ya kira kansa da sunan, ya karya doka. Na yi shiru ina tunanin Gwaggo da lasisi a hannu.

Unguwarsu Peckham ce, a kudancin birnin. Da muka fito kan titin Rye Lane sai na ɗauka jirgin ya yi kwana ya maido ni Sabon Gari. Ga doya an jera, ga busasshen kifi, ga attaruhu, ga Yarbanci yana tashi ta ko'ina. Baƙo ko da idonsa makaho ne, amma hancina dai bai ɓata ba: na shaƙi daddawa tun kafin in ga shagon.

Ran Asabar ta ce in raka ta wani zaure na unguwa. Ban tambayi dalili ba, don zaman gida a Landan zaman kurkuku ne, ba maƙwabcin da zai yi maka sallama. Muna shiga na tsaya cak. Turawa ne zazzaune, mata da wasu maza biyu, kowa da kan 'yar tsana mai gashi irin namu a gabansa, da mataji mai faɗin haƙori. A tsakiyarsu wata baƙar mace 'yar asalin Jamaika tana zagayawa tana gyara musu yatsu. Kitso ake koya musu. Wani dattijo mai furfura, wanda a ganina ya girme ni, ya duƙufa yana ƙoƙarin fitar da tsaga, harshe a waje kamar ɗan aji ɗaya da ke koyon rubutu. A kan tebur ga wani ɗan gwangwani mai tsada, na buɗe na sansana. Man kaɗanya ne! Wanda ake sayarwa a ƙwarya a kasuwar Giwa.

Ɗiyata ta raɗa mini cewa duk iyayen riƙo ne, an ba su yara baƙaƙe. Yarinya za ta je makaranta da kai a cukurkuɗe, fata ta yi fari fat saboda ba a san ana shafa mata mai ba, yara su yi mata dariya, ta taso tana ganin jikinta ne ke da aibu. Ita mai koyarwar biyanta ake yi, wannan yana cikin aikinta. Kuma abin yana da tushe a doka: Dokar Yara ta 1989 ta wajabta wa ƙaramar hukuma, in za ta yanke shawara kan yaron da ke hannunta, ta duba addininsa da asalinsa da al'adarsa da harshensa. Saboda haka akwai masu zama su yi wa uwar riƙo bayanin naman halal, da abin da za ta yi in yaro ya ce zai ɗauki azumi, da inda masallaci yake. Ni da na yi shekara talatin ina hedimasta ban taɓa jin an rubuta tsifar kai cikin haƙƙin yaro ba. Na jinjina musu, wallahi.

A hanyar komawa ta ba ni labarin yadda aka zo nan, don ruwa ba ya tsami banza. Daga shekarun 1950 zuwa na 1970, ɗalibai da yawa daga Najeriya da Ghana da suka zo karatu sun riƙa ba Turawan karkara riƙon 'ya'yansu suna biya, su kuma su ji da littafi. A wurinsu ba wani abu ba ne, riƙo ne irin wanda muka sani. Sai dai a gida ɗan riƙo yana tashi ne cikin masu kama da shi, yana jin harshensa. Can kuwa wasu sun tashi su kaɗai ne baƙaƙe a gari guda. Ɗaya daga cikinsu, ɗan wasa Adewale Akinnuoye-Agbaje, ya yi fim kan rayuwarsa mai suna Farming a 2018. Daga baya baƙaƙen ma'aikatan jin daɗin jama'a suka kafa ƙungiyarsu a 1983, suka shiga coci-coci da unguwa-unguwa suna neman baƙaƙen iyalai su fito su karɓi riƙo.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne dokar riƙon da ake yi tsakanin mutane. In ka ajiye yaron da bai kai shekara 16 ba har kwana 28, kuma kai ba kakansa ba ne, ba wansa ko yayarsa ba, ba kawu ko baffa ko gwaggo ko inna ba, ba mijin uwa ko matar uba ba, dole ka sanar da ƙaramar hukuma. Na ƙirga yaran da suka tashi a gidanmu, 'ya'yan abokan Baba da jikokin maƙwabta da wani da har yau ban san ta inda muka haɗa dangi ba, na ce da a nan ne da mun cika musu rajista guda. Na soma mita cewa wannan shisshigi ne, ɗa ai na kowa ne. Sai ta ambaci Victoria Climbié. Yarinya ce 'yar Kodebuwa, iyayenta suka ba wata kakarta ta wajen dangi ita don ta samu ilimin Turai, aka yi mata riƙon sakainar kashi, aka azabtar da ita har ta rasu a Landan a Fabrairun 2000 tana da shekara takwas. Binciken da Lord Laming ya jagoranta, wanda ya fito a 2003, ya nuna an sha samun damar ceto ta aka yi sake. Har an samu ma'aikatan da suka ga yarinya tana tsaye ƙiƙam cikin tsoro a gaban matar suka ɗauka ladabi ne irin na 'yan Afirka. Nan bakina ya mutu. Bayan rasuwar yarinyar, a shekarar 2001, wata 'yar Najeriya, Debbie Ariyo, ta kafa ƙungiyar AFRUCA don kare yaran Afirka a Birtaniya.

Ɗiyata ta ce aikin nasu igiya ce mai baki biyu. Wani ma'aikacin zai ga uwa 'yar Afirka ta ɗaga murya ya rubuta cewa muguwa ce, a raba ta da ɗanta a banza. Wani kuma zai ga tabon duka ya kau da kai, wai al'adarsu ce. Ana neman mai idon da zai bambance, kuma wannan idon ne ake horarwa ake ɗauka aiki.

Ran Laraba da yamma na bi wata abokiyar aikinta zuwa ajin iyaye. Shirin na wata gidauniya ce, Race Equality Foundation, wadda ta faro a 1987 a matsayin ɗan sashe cikin cibiyar nazarin aikin jin daɗin jama'a ta ƙasa, daga baya ta tsaya da ƙafarta. Sunan shirin in an juya shi Hausa, ƙarfafa iyali ƙarfafa al'umma, kuma mako 13 ake yi. Na zaci za a tara baƙi ne Bature ya koya musu tarbiyya. Ko kusa. Masu jagorancin biyu ne, mace 'yar Somaliya da wani mutum ɗan asalin Bangaladash, kuma macen ta ce ita ma a kan kujerun nan ta fara zama a matsayin uwa kafin a horar da ita. Da farko ma tambayar kowa aka yi daga ina ya fito, wa ya raine shi, me kakarsa ta koya masa da yake so ɗansa ya gada. An kawo shinkafa da sambusa. Sai ka ce taron suna.

Da aka zo maganar horo, tsohon hedimasta ya motsa a jikina. Na ɗaga hannu na ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ni da dorina na tanƙwara ɗaruruwa, ga su nan sun zama mutane. Na shirya a yi mini ca. Ɗan Bangaladash ɗin nan sai ya yi murmushi ya ce, "Baba, a cikin ɗaruruwan nan, su wa suke zuwa gaishe ka yanzu, kuma me suke tunawa?" Na buɗe baki na rufe. Gaskiya masu zuwa gaishe ni labarin ranar da na biya musu kuɗin jarrabawa suke yi, ko ranar da na kira su ofis muka yi magana. Ban ce na tuba ba, har yanzu ina da ra'ayina. Amma na ji daɗin yadda aka kayar da ni ba a wulaƙanta ni ba. A nan na ji cewa Sikotilan ta haramta dukan yaro gaba ɗaya a 2020, Wales ta bi a 2022, Ingila kuwa ta bar wata 'yar ƙofa, sai dai duka da bulala ko wanda ya bar tabo na iya kai uba gaban hukuma. Iyaye da yawa ba su san haka ba sai an ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Akwai kuma masu aikin da ba su ganin yaro ko tsoho, sai alƙaluma. Na haɗu da wani matashi a ofishin su ɗiyata wanda aikinsa ƙirga ne: baƙaƙe nawa aka ɗauka, nawa aka ƙara wa girma, nawa aka kai gaban kwamitin ladabtarwa. Ya ce tun bayan kisan wani saurayi baƙar fata, Stephen Lawrence, a 1993, da rahoton Macpherson na 1999 kan kisan da ya ce wariya kan shiga cikin tsarin hukuma kanta ba sai a zuciyar mutum ɗaya ba, aka gane rantsuwar shugaba ba ta isa hujja ba. Dokar Daidaito ta 2010 ta ɗora wa hukumomi nauyin lura da haka. Ɗiyata ta ce kada in ruɗu, har yanzu in ka shiga gidan tsofaffi da dare baƙaƙe za ka gani suna aiki, in ka hau ofishin sama da rana sai ka nemi ɗaya da fitila. Na yarda da ita. Ni dai abin da ya burge ni shi ne an ɗauki mutum ana biyansa don ya tona asirin masu biyansa. Na tuna hukumar raba daidai ta tarayya a gida, na yi tsaki ni kaɗai.

Saura kwana uku in dawo aka bugo wa ɗiyata waya. Wata ma'aikaciya ce daga gidan kula da tsofaffi, ta ji labarin akwai dattijo mai jin Hausa a gari. Suna da wata tsohuwa da gigin tsufa ya kama, 'yar Ghana, ta yi shekaru tana aikin jinya a asibitocin Ingila. Turancin ya zube mata, kamar yadda yakan faru, harshen ƙuruciya ya dawo. An kawo mata mai jin Asanti ba ta kula shi ba. Sai ma'aikaciyar ta bi diddigi wurin jikarta ta gano a zangon Kumasi aka haife ta.

Ni dai gidan tsofaffi abu ne da na taso ina jinsa a matsayin abin kunyar Turawa, don haka na shiga da ƙyashi a raina. Wurin tsaf, ba wari, ga hotunan 'ya'ya da jikoki a bango. Tana zaune bakin taga da ɗankwali, tana kallon ruwan sama. Ma'aikaciyar, wata 'yar Filifin, ta durƙusa ta riƙe mata hannu ta nuna ni.

Na cire hula na mayar, na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Salamu alaikum. Hajiya, ina wuni?"

Ba ta motsa ba. Na sake cewa, "Ina gajiya? Yaya sanyi?"

A hankali ta juyo ta ƙare mini kallo daga hula har takalmi. Ta ce, "Lafiya lau. Kai ɗan wane ne?"

Na gaya mata sunan mahaifina, na ce daga Zazzau. Ta gyaɗa kai kamar ta san shi, ta ce ai mutanen Zazzau suna sauka gidansu in sun zo sayen goro. Ta tambaye ni ko an ba ni ruwa. Ta yi faɗa cewa yaran yanzu ba su san baƙo ba. Ita kuwa 'yar Filifin ɗin ta zaro ɗan littafi daga aljihu, hawaye na zubo mata, tana taɓa ni tana cewa in maimaita a hankali. Na maimaita tana rubutawa yadda kunnenta ya ji: ina kwana, sannu, ga ruwa, ga abinci, sai da safe. Muka yi ta gyara "ƙ" ɗin "ƙafa" har muka haƙura.

Da na miƙe zan tafi, tsohuwar ta kama bakin rigata ta ce in gaida mutanen gida, kuma in gaya wa Baba goron bana ya yi tsada.