Ƙasar Gure da keken da ya dace da ita

Garin Gure yana gabas da Damagaram, tafiyar kilomita 170 ko kusa da haka. Babbar hanyar kwalta mai lamba 1 tana bi ta Mirya da Gidimuni da Gidigir kafin ta iso shi, sannan ta wuce Gudumariya da Difa. Nan ce ƙasar Muniyo, mai duwatsu da tuddan rairayi. Mangawa da Fulani da Tubawa da Buzaye da Hausawa duk suna cin kasuwanninta.

Tsakanin tuddan akwai kwaruruka masu ruwa kusa. A ciki ake samun dabino da rogo da albasa da kanwa. Amma kaya ba su zama kuɗi sai sun kai kasuwa. Kuɗin mota yana cinye riba, babur kuwa sai da mai. Shi ya sa keke yake da daraja ga talaka.

Sai dai ba kowane keke ke iya ƙasar nan ba. Siririyar taya nutsewa take yi cikin rairayi, tsaidau da ƙayar aduwa kuma su huda ta. Mai ƙaramin ƙarfi gara ya haɗa nasa wajen mai gyaran keke, kaɗan-kaɗan.

Da farko a nemi bodi na ƙarfe, ko da tsoho ne, irin na Raleigh ko Phoenix, ko na gwanjo. A duba mahaɗansa da kyau, kada a ɗauki mai tsaga ko wanda ya lanƙwashe. In ƙarfe ya karye, mai walda zai ɗinke shi. Na alminiyam kuwa ba kowa ke iya masa ba.

Kuɗin da aka rage a bodi, a zuba shi a ƙafafu, don araha ba ta ado. Tayoyi su zama sababbi, masu faɗi, daidai da lambar ƙafar: tsofaffin Raleigh da Phoenix yawanci 28 ne, na gwanjo masu faɗin taya 26. Ƙafar baya ita ke ɗaukar nauyi, kada wayoyinta su gaza 36. A yanko tsohuwar taya a shimfiɗa tsakanin sabuwar da tub, ta tare ƙaya. Giya ɗaya ta fi sauƙin gyara a ƙauye. Kariya kuwa mai walda ya ƙera ta da ƙarfe mai kauri, yadda za ta ɗauki buhu ko jarka.

A hanya, in an shiga rairayi a rage iska kaɗan. Kada a cika wa sarƙa mai, don ƙasa tana manne mata ta cinye haƙora. Famfo da faci da gam su zauna cikin jaka kullum.

Irin wannan keke zai kai dabino kasuwa, ya kai yaro makaranta, ya kai mara lafiya likita. Can arewa wajen Taskar, inda rairayi ya yi zurfi, har yanzu raƙumi ne sarkin hanya.