Iyaka a Takarda, Zumunta a Ƙafa

A ƙasar Amurka akwai wata daɗaɗɗiyar al'ada, watau mata su haɗa kai su kafa ƙungiyar masu lambu. Aikinsu shi ne shuka furanni da itatuwa, da gyara bakin hanya da filin makaranta, da koya wa juna dabarun renon shuka. A shekarar 1891 mata 12 suka kafa irin wannan ƙungiya a garin Atens na Jihar Jojiya, ita ce kuwa ake lissafawa ta fari a ƙasar. A 1928 ƙungiyoyin Jojiya suka haɗu ƙarƙashin uwa ɗaya, a 1929 kuma aka kafa ta ƙasa baki ɗaya.

To, jiha faɗi gare ta. Daga Atlanta, babban birnin Jojiya, zuwa Sabana a bakin teku, tafiyar mil 250 ce ko kusa da haka. Arewacin jihar duwatsu ne da sanyi, kudancinta kuwa zafi da laima, abin da ya yi albarka can ba lalle ne ya yi nan ba. Saboda haka aka raba uwar ƙungiyar shiyya 7, kamar yadda akan raba ƙasar sarki gunduma-gunduma. Kowace shiyya da shugabarta, da taronta na shekara. Wasu jihohi ma haka suke yi.

Amma fa zamani ba ya tsayawa. Mutane su kan bar ƙauye su koma birni. Sai a wayi gari wata shiyya ta cika maƙil, wata kuwa ba ta da ko wanda za ta naɗa ma'aji. Daga nan shugabanni su ɗauko taswira, su ce a sake iyaka. Hujjarsu kuwa gaskiya ce, domin shiyyar da ba ta da hannuwa ba ta iya ɗaukar jinka.

Sai dai akwai abin da taswira ba ta nunawa. A ɗauki misalin wata tsohuwa a wata jiha, wadda ta shekara talatin tana zuwa taron shiyyarsu. Ta san wadda za ta ɗauke ta a mota, ta san wadda za ta zauna kusa da ita. Itacen da ke ƙofar gidanta ma, reshensa wata ƙawarta ta can ta ba ta, ƙawar kuwa ta riga mu gidan gaskiya. Ran nan sai ga takarda, an ce daga bana garinsu ya koma wata shiyya. A taswira tsakaninta da sabon wurin taro bai fi faɗin yatsa ba, amma akwai tsauni a tsakani, hanya sai ta zagaya, ga shi idonta ba ya son tuƙin dare. Ba ta yi gardama ba, ba ta kai ƙara ba. Shekara ta kewayo, aka ga kujerarta ba kowa. Littafin magatakarda ya nuna shiyyoyi sun daidaita, amma bai nuna an rasa wadda ta fi kowa sanin lokacin dashe a wannan yanki ba.

Ba a ce kada a taɓa iyaka ba, gama sabo turken wawa ne, ƙungiyar da ta ƙi gyara kuwa tsufa za ta yi ta mutu. Abin da ake so shi ne a bi aikin a hankali. Kafin a ja layi, a auna nisa da awon hanya, ba da awon takarda ba. A duba ƙasa da ruwa da sanyi, a haɗa waɗanda shukarsu iri ɗaya ce. A aika wa kowace ƙaramar ƙungiya da shawarar tun da wuri, a saurari jawabinta, musamman waɗanda ke zaune a bakin iyaka, don su ne wuƙar za ta bi ta kansu. Wadda ta roƙi a bar ta inda take, in ba wata ɓarna, a bar ta.

Mai lambu ya fi kowa sanin wannan. In zai cire dashe, ba ya fizge shi tsirara. Da ƙasarsa yake ɗauko shi, ya yi masa inuwa, ya yi ta ban ruwa har ya kama. Mutum kuwa ya fi dashe saiwa. Allah ya ba shugabanni haƙurin shawara, amin.