Nowel a Bankok: fitilu sun cika gari, amma ranar aiki ce

Mu ƴan Nijar da ke zaune a Bankok, babban birnin ƙasar Tailan, ba mu da yawa, kuma galibinmu kasuwar Pratunam ce ta riƙe mu: mu sayi tufafi da takalma, mu ɗaure, mu auna, mu aika gida. Wasunmu da niyyar wata uku suka zo, ga shi yau shekaru ake ƙirgawa. Mu Kirista da ke cikin wannan ƴar tawaga ba mu cika yatsun hannu biyu ba, kuma duk shekara in Disamba ta kama sai ƴan gida su riƙa tambaya a waya, wai yaya ake Nowel a ƙasar mabiya addinin Buda?

In ido za a tambaya, ba mu taɓa ganin ado irin na nan ba. Tun watan Nuwamba manyan kantuna ke ɗaura fitilu. A gaban CentralWorld, tafiyar ƙafa ce daga Pratunam, sukan kafa itacen Kirsimeti wanda in ka ɗaga kai za ka kalli ƙarshensa sai hula ta faɗi. Ƴan matan kanti da jar hula, waƙe-waƙe ta ko'ina, kowa na ɗaukar hoto. Amma ranar 25 ga wata ranar aiki ce kamar kowace. Bankuna a buɗe, ma'aikata na biro, yara na tafiya lakwal da kayansu. Sama da kashi 90 cikin 100 na mutanen ƙasar mabiya Buda ne, Kirista kuwa wajen kashi ɗaya. Ko kalandarsu ta gwamnati ba daga haihuwar Almasihu take ƙirge ba, tana gaban tamu da shekara 543, shi ya sa 2024 a takardunsu 2567 ce.

Abin da ke sosa mana rai shi ne, a Nijar ma ai ba mu kai ɗaya cikin ɗari ba, amma ranar kwanje ce ga kowa. Maradi ba ta da itacen fitilu mai tsawon bene. Abin da take da shi akushi ne da ke tsallaka katanga. Maƙwabcin da ya aiko mana naman layya, shi ne yaransa za su zo da yamma su ce barka da salla, su ci shinkafa, su karɓi ƴan dala. A nan kuwa kana iya yin shekara biyar a bene guda da mutum, murmushi kaɗai ke haɗa ku. Mutanen kirki ne ƙwarai, ba wanda ya taɓa hana mu ibada, sai dai bikin a wajensu ado ne na ƙarshen shekara, hankalinsu na kan hutun 31 ga wata.

To mu kuma sai mu haɗa tamu. Ƴan Katolikan cikinmu kan je majami'ar Holy Redeemer da ke layin Ruamrudee, inda ake addu'a da Turanci, ko kuma babbar majami'ar Assumption a unguwar Bang Rak, kusa da kogin Chao Phraya. Masallacin Haroon ma yana wannan unguwar, ba nisa. Sauranmu mukan bi ƴan uwa ƴan Afirka ta Yamma zuwa ɗakin da suke haya don sujada. Naman akuya a wajen mahauta Musulmi muke saye, don kowa ya sa hannu, tunda rabin masu cin abincin Musulmin gida ne, kuma su ke tsare mana kaya a kasuwa ranar. Shinkafa dai nan ne gidanta, tuwo ba ya wuya. Kuka da daddawa da yaji su ne zinariya: duk wanda ya sauka daga Yamai a watan Disamba, kafin a tambaye shi gajiya an tambaye shi ƙullin kuka.

Akwai kuma waɗanda ba su fita ko ƙofa. Wanda bizarsa ta ƙare, tarar bat 500 ce kowace rana har ta kai 20,000, in kuma ƴan sanda ne suka kama shi a hanya, tsarewa ce da kora da hanin dawowa. Yaro ɗan shekara ashirin da ƴan kai, wanda a gida shi ke buga ganga a majami'a, sai ya kwana a ɗaki ranar Nowel yana kallon fitilu ta taga. Mu kai masa tuwo a leda, ya kira uwarsa ya ce mata komai lafiya lau. Iyaye, in ɗanku ya ce lafiya lau, ku ƙara da tambayarsa takarda.

Tsakaninmu da gida awa shida ne. Lokacin da ake tashi daga addu'ar tsakar dare a Maradi da Dogon Dutsi, a nan ƙarfe shida na safe ne, daidai sa'ar da malaman Buda ke fitowa karɓar sadaka, ba takalmi, da tufafi ruwan goro, kowa rungume da kwanonsa. Ba su kira, ba su roƙo. Mai bayarwa ne ke cire takalmi ya sunkuya ya zuba musu shinkafa. Haka muke tsayawa bakin titi, waya a kunne, ana miƙa mu daga hannun inna zuwa na kawu, hayaniyar yara na tashi, su kuma suna wucewa a jere shiru.

Wata shekara muka ce bari mu gwada irin ta gida. Muka zuba shinkafa da nama muka kai wa tsohuwar da ke sayar da ƴaƴan itace a ƙasan benenmu. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce ashe mu ma muna yin tam bun, wato aikin neman lada a wajensu. Washegari kwanon ya dawo cike da ayaba da gwanda, ta yi mana barka da sabuwar shekara, saura kwana shida. Tun daga nan duk Nowel da kwanonta muke fara zubawa.