Jirgin da Mahaifina Ya Haɗa

Jama'a, ku gafarce ni, yau batun abin wasan yara na kawo muku, amma ku dakata ku ji.

Ran nan jikana ya same ni a ɗaki nan Ardwick, riƙe da wani ɗan jirgin sama na roba, irin na Airfix wanda a kan sayo gutsi-gutsi a liƙa. Kowane inci ɗaya nasa daidai yake da inci 72 na babban jirgi, watau Hurricane mai fiffike ƙafa 40 ya koma bai kai inci 7 ba. Ya shafe shi da kore da ruwan ƙasa kamar yadda ya gani a kwali. Ya ce, "Kaka, ga jirgin babanka, zan kai makaranta."

Na juya shi, na sake juyawa, na ce, "Ɗan nan, aiki ya yi kyau, amma wannan ba shi ne ba."

Ga dalili. A Yaƙin Hitila, da hanyar Bahar Rum ta yi wuya, sai Ingilishi suka riƙa kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi. Tun daga Satumba 1940 a kan haɗa su can, su tashi su bi ta Ikko, da Kano, da Maiduguri, da Fallomi, da Hartum, har Masar. Kafin ƙarshen 1943 an wuce da fiye da 5,000. Marigayi mahaifina yana cikin leburorin zango masu fasa akwatunan nan a 1942. Ba shi da lambar yabo, ba shi da hoto ko ɗaya. Abin da ya bar mana labari ne kurum, labarin kuwa duk na kamanni ne.

Ya kan ce jirgin yana da maƙoƙo. Gaskiyarsa: a kan ɗaura wa masu zuwa ƙasar rairayi matatar ƙura ƙarƙashin hanci, don kada yashi ya cinye injin. Na jikana kuwa wuyansa sumul, na sararin Ingila ne. Ya kan ce kuma ana shafa farin fenti wajen wutsiya, don in jirgi ya faɗi a daji a hango shi daga sama. Launin hamada kuwa ba kore a ciki: ruwan ƙasa ne da ruwan yashi a bisa, shuɗi a ciki.

Yaro ya ɓata rai, ya ce wa zai lura? Na ce shekara nawa ina sayar da atamfa, ban taɓa ganin macen da ta karɓi shuɗi mai haske a madadin shunin da ta yi oda ba. Ku 'yan kasuwa kun san wannan.

Muka koma kanti muka sayo fenti uku da wani kwali mai maƙoƙon. Sai da muka yi Asabar biyu, shi yana shafi, ni ina ƙorafi, don idona ya fi hannuna ƙarfi yanzu. Cikin aikin nan ne ya karanto mini cewa injin Merlin irin na jirgin, kamfanin Ford ya ƙera fiye da 30,000 nan Trafford Park. Allah Sarki, shekara arba'in ina wucewa ta wurin ban sani ba.

Ranar da ya kai makaranta, malamarsu ta tambaye shi don me wutsiyar take fara. Ya ce sai da aka kaɗa ƙararrawa bai gama ba su amsa ba.